Rumbuna Mai Sanyi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni malamar firamare ce, matar aure, uwar 'ya'ya huɗu, a unguwar Hotoro da ke Kano muke zaune. Na daɗe ina son ba da wannan labari, nauyin farkonsa ne yake hana ni. Amma na lura akwai 'yan uwana mata da yawa da suke cikin halin da na taɓa shiga, suna ɓoyewa kamar yadda na ɓoye, shi ya sa na ce bari in faɗe shi yadda yake.

Shekara tara na yi a gidan miji ban iya girki ba. Ina ɗora tukunya, ina dafa shinkafa da taliya, ina yin miyar dage-dage, amma komai nawa na leda ne ko na gwangwani. Tumatirin leda, dunƙule biyar a tukunya guda, yaji na saye. Mahaifiyarmu ta rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya, daga nan sai makarantar kwana, sai kwalejin ilimi, sai aure. Lokacin da sa'o'ina suke tsugune gaban murhu suna koyon talge da ruɗe, ni ina kan layin karɓar abinci da kwano a hannu. Ranar da maigida ya yi marmarin tuwo, sai in aiki yaro gidan mai tuwo, in juye a kulata. Ɗanwake, waina, alale, ƙosai, duk saye ne. Ya sani sarai, kuma ko sau ɗaya bai goranta mini ba. Allah ya saka masa da alheri.

Kowace safiya kafin ya wuce Kantin Kwari, inda yake sayar da atamfa da shadda, zai ajiye kuɗin cefane a kan madubi. In na taso daga makaranta sai in tsaya wurin mai kayan miya na bakin layinmu in sayi kashi-kashi: tumatir kashi biyu, attaruhu kashi ɗaya, albasa ƙwaya uku. Abin da aka sayo yau, yau zai ƙare. Ban da shinkafa da mai, babu abin da yake kwana a gidanmu.

A haka kullen korona ya same mu. Tsakiyar watan Afrilun 2020 aka rufe Kano, kasuwanni suka tsaya, Kwari ta tsaya, mai kayan miyan bakin layi ya tafi garinsu. Ranar 24 ga watan aka ɗauki azumi. Sai daga baya ne aka ware Litinin da Alhamis mutane su ɗan fita su yi sayayya. Ba zan manta da wata la'asar a farkon azumin ba. Na shiga kicin na tsaya, na ga shinkafa, na ga rabin ledar taliya, na ga man gyaɗa da gishiri. Shi ke nan. Ga kuɗi a jakata, amma babu inda zan kai su. Yara uku suna tsakar gida suna tambayar me za a sha ruwa da shi.

Ina tsaye sai ga sallamar yarinyar maƙociyarmu, Maman 'Yan Biyu, da faranti a rufe. Na buɗe na ga garin masara, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da wasu baƙaƙen yankakkun abubuwa masu kama da busasshen ɓawo. Kauɗar tumatir ce, amma a lokacin ko sunanta ban sani ba. Ta aiko mini da abincin kwana uku, ni kuwa ban san ta inda zan fara ba. Na zauna a kan turmi na yi kuka. Da na share hawaye sai na leƙa ta katanga na ce, "Maman 'Yan Biyu, don Allah ki rufa mini asiri, wallahi ban iya tuwo ba."

Ba ta yi dariya ba, ba ta tambaye ni dalili ba. Cewa ta yi, "Malama, ɗora ruwa, ga ni nan." Ta shigo da muciyarta da mararta. Ita ta nuna mini yadda ake dama gari da ruwan sanyi a zuba a tafasasshen ruwa, a bar talge ya dahu har ƙamshin ɗanyen gari ya fita, sannan a riƙa barbaɗa gari ana tuƙawa, a rufe ya sulala. Ta jiƙa kauɗar a ruwan zafi, ta wanke ƙasar da ke jikinta har sau uku, ta daka da albasa da daddawa. Ta ce in kaɗa kuka da kaina, in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kada ta yi gudaji. Ranar da maigida ya kai lomar farko sai ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba. Da ya gama ya ce, "Malama, Allah ya yi albarka." Har yau in na tuna sai na ji wani abu a ƙirjina.

Kafin a buɗe gari na iya tuwon masara da na shinkafa, na iya miyar kuka, kuɓewa da taushe, na iya surfa wake. Da a ce a nan abin ya tsaya, wataƙila da na koma gidan jiya da zarar makarantu sun dawo, domin girki daga tushe yana cin lokaci, ni kuma ƙarfe bakwai na safe na bar gida. Abin da ya hana ni komawa shi ne ciwon maigida. Ya yi ta fama da ciwon kai da jiri, da muka je asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya rubuta magani, sannan ya juyo gare ni ya tambayi dunƙule nawa nake sa wa miya. Da na faɗa sai ya ajiye biro. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da gishirin da ke cikin dunƙule, da burodi, da ƙullin ɗanɗanon taliyar yara, da abincin saye. Ya ce, "Hajiya, rabin maganin mijinki yana kicin ɗinki."

A hanyar dawowa cikin adaidaita sahu na yi ta lissafi. In zan daina abincin saye, in daina na leda, dole kullum in yi wanki da yanka da markaɗe da tafashen nama bayan na taso aiki a gajiye. Na gwada na wata biyu. Sai bayan isha'i muke cin abinci, yara su yi barci da yunwa a tashe su, ni kuma in kwana da ciwon baya ga littattafan ɗalibai ban duba ba. Wata abokiyar aikina ce ta ce mini, "Ke kam me ya hana ki sayi firiza ki riƙa yin aikin sati a rana guda?"

Adashi na shiga. Da kwasata ta zo, muka je Sabon Gari da maigida muka sayi firiza ta hannu, irin kwantacciyar nan mai murfi a sama. Mai gyaran firij ɗin da ya raka mu ya ce in dai a unguwar da wuta ba ta tsayawa ne, kwantacciya ta fi tsayayya, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya. In an buɗe ƙofar tsayayya sai ta zubo waje, ita kuwa kwantacciya tana riƙe abinta kamar ruwa a randa. Na ga gaskiyar wannan magana daga baya.

Zuwana kasuwar Yankaba na farko da niyyar sayen kwandon tumatir, lokacin sanyi ne, wajen watan Fabrairu. Duk wadda take son cika firiza da kayan miya, wannan ne lokacinta. Tumatirin rani daga Kadawa, Kura da Garun Malam, wanda ruwan madatsar Tiga yake shayarwa tun da aka gina ta zamanin Gwamna Audu Baƙo, a lokacin yake cika kasuwa. Motoci suna lodi a Kwanar Gafan ana tafiya da shi har Legas, a Yankaba kuwa in kin je da sassafe sai kin rasa inda za ki taka. In zafi ya shigo, damina ta kawo kai, wajen Mayu zuwa Yuli, tumatir ya zama zinariya. Manoma kuma suna fama da ƙwaron nan da ya cinye gonaki a 2016, wanda yake dawowa in zafi ya yi yawa. To abin da ake saya da arha a Fabrairu shi ne zai rufa asiri a Yuni.

Na yi kuskure a karon farko. Na zaɓi manya-manyan nan masu ruwa saboda sun fi kyan gani, na kai injin markaɗe, mai injin ya yi ta ɗura ruwa, na dawo da bokiti huɗu na juye a robobi ɗanye na cusa a firiza. Ya cinye wurin gaba ɗaya, ya kwana biyu bai daskare ba, na tsakiya ya yi tsami ya kumbura murfi. Rabi na zubar. Yanzu ga yadda nake yi. Ina sayen mai tsoka, wanda 'yan kasuwa suke ce wa UTC, in sa a juye mini kwandon in ga na ƙasa. A gida in tsince duk wanda ya fashe ko ya yi tabo, in wanke sau biyu, in yanka. In na je markaɗe ni nake tsayawa a kai, in sa a ɗauraye injin, in ce kada a zuba ruwa, ruwan jikinsa ya isa. Tumatir da tattasai da albasa nake haɗawa wuri guda, attaruhu daban, domin bakin yara da na manya ba ɗaya ba ne. Daga nan in hura gawayi a tsakar gida, in ɗora babbar tukunyar suna, a buɗe ba murfi, ya yi ta tafasa ina juyawa har ruwan ya tsotse, ya yi kauri ya koma ja sosai, in an ja ludayi a ga gindin tukunya. Yakan ɗauki yini guda. Wasu suna jefa kanwa don kashe tsami. Ni na ga in ya dahu ya tsotse da kyau ba ya buƙatar komai. Abin da ya cika bokiti uku sai ya dawo ɗaya.

Wurin hucewa nan ne mata da yawa suke yin asara. Ba a sa abu mai zafi a firiza, zai narkar da na kusa da shi ya wahalar da injin. Ba a kuma barinsa ya kwana a tukunya a zafin Kano, da safe za a tarar ya fara kumfa. Ina juye shi a manyan faranti masu faɗi, in sa a gaban fanka ko in ɗora a kan ruwan sanyi, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya huce. Sai in ƙulla a leda mai kauri, kowace leda miyar rana ɗaya, in matse iskar, in shimfiɗa ta ta yi faɗi kamar gurasa. Mai faɗi ta fi saurin daskarewa, ta fi saurin narkewa, kuma tana jeruwa kamar littattafai. In roba ce, a bar mata sarari a sama, don ruwa in ya zama ƙanƙara ƙaruwa yake yi. Kowace leda da rubutunta, mene ne a ciki, kuma wace rana. Tsohon shi ake fara ci. Abin da aka fitar ya narke gaba ɗaya kuwa ba ya komawa, sai tukunya.

Nama ma haka. Ƙarshen wata maigida ya sayo mai yawa, in tafasa da albasa, tafarnuwa, citta, masoro da ɗan kanumfari, in raba naman kashi-kashi, romon kuma in tace in ƙulla daban. Wannan romo shi ya maye mini gurbin dunƙule. Ga shi, ga daddawa mai kyau, ga dakakken busasshen kifi, miya ba ta neman komai sai ɗan gishiri a bakin cokali. Sati biyun farko yara sun yi ƙorafi cewa miya ta yi lami. Bayan wata guda, da muka je wani biki, babbar 'yata ta raɗa mini cewa abincin ya yi gishiri da yawa. Harshe ashe sabo ne da shi.

Wake kuwa tiya biyu nake surfawa lokaci guda, in wanke dusar tas, in tsane a kwando, in ƙulla gwangwani huɗu-huɗu. Ranar da ake son alale ko ƙosai sai a fitar da ƙulli guda a kai markaɗe. Gasarar koko in na tace ta kwanta ta tsane, sai in gutsuttsura ta dunƙule-dunƙule. Da azumi wannan kaɗai ya isa a yi wa firiza godiya. Alayyafo, zogale da yakuwa, in tsoma su a tafasasshen ruwa na ɗan minti biyu, in tsame zuwa ruwan sanyi, in matse in cura. Kabewa in dafa in dama. Hatsi ba ruwansa da firiza: masara, gero da dawa daga kasuwar Dawanau muke haɗa kuɗi da maƙota mu sayo buhu bayan kaka mu raba.

Akwai abin da na gwada na bari. Tuwo in ya daskare ya narke sai ya saki ruwa ya yi gari-gari. Dankalin Turawa ma haka. Miyar kuka kuwa ba ta da dalilin shiga firiza, in akwai romo a hannu minti goma ta isa. Saboda haka ni yawanci ba dafaffen abinci nake ajiyewa ba, rabin aiki nake ajiyewa. In na dawo daga makaranta, tuwo sabo ne, miya sabuwa ce, amma wanki da yanka da markaɗe da tafashe duk an gama su tun ranar Asabar. Kafin la'asar an ci an wanke kwanuka.

Wadda ba ta yarda da wannan tsari ba ita ce Hajiya, mahaifiyar maigida. A cikin gari take zaune, amma asalinta 'yar Kura ce, a gidan noma ta tashi. Ranar da ta zo ta ga ina ciro ledar kayan miya kamar allo daga firiza, sai ta tsaya ta ce, "'Yar nan, wannan na yaushe ne?" Na ce na wata biyu ne, Hajiya. Ta yi salati. Ta ce ita a saninta abincin da ya kwana ɗumame ne, wanda ya kwana sittin kuwa ba ta san sunansa ba, kuma ba za a ba ɗanta mai ciwo abin da rai ya fita daga jikinsa ba. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don saboda ɗan nata nake wannan wahala. Amma ban mayar ba. Na ce, "To Hajiya, Allah ya huci zuciyarki." Duk ranar da za ta zo, sai in aika a sayo sabon cefane in yi mata nata daban. Mun fi shekara a haka.

Haihuwar autana ce ta fara sassauto da ita. Aiki aka yi mini, na yi kwanaki a asibiti, na dawo gida ba na iya sunkuyawa. Tun cikin yana wata takwas na cika firiza, na rubuta komai. Hajiya ce ta zo zaman jego. Tana fama da ruwan wanka da kunun kanwa da baƙi masu zuwa barka, ga yara uku 'yan makaranta, ga ƙafarta da ke ciwo. Babbar 'yata, tana 'yar shekara goma sha biyu a lokacin, ita take ciro leda ta karanta mata: wannan kayan miya, wannan romo, wannan kabewa, wannan alayyafo. Cikin rabin awa Hajiya ta haɗa taushe. Ina kwance a ɗaki ina jin su. Ba ta ce mini komai a kai ba har ta koma, amma tun daga nan ba ta ƙara tambayar na yaushe ne ba.

Bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, komai ya tashi, kuɗin cefanen da yake isa da ya daina isa. Kasuwar Kwari ta yi sanyi, don mai neman abin da zai ci ba ya sayen shadda. Daminar 2024 kuwa tumatir ya yi tsadar da mata suka koma miyar karas da jan mai zalla. A wannan lokacin ina da sauran ledojin Fabrairu. Ranar da na ɗebi guda biyar na sa a faranti na rufe na aika wa Maman 'Yan Biyu, wallahi ji na yi kamar an sauke mini wani bashi da na daɗe ina ɗauke da shi.

Zan faɗi gaskiya, daga nan na fara jin cewa na gama da matsalar abinci. In na ɗaga murfin nan na ga ledoji a jere sai hankalina ya kwanta, har ina ganin wadda ba ta da firiza kamar ba ta san abin da take yi ba. Na manta cewa rumbun nawa a jikin waya yake rataye.

Ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano da jihohi da dama suka shiga duhu fiye da mako guda. Mun saba da ɗauke wuta, kuma ina da dabaruna. Duk sararin da ya rage a firiza ina cike shi da gorunan ruwa, don cikakkiyar firiza in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kamar kwana biyu, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya. Sau ɗaya ake buɗewa a yini, da asuba. Ina lulluɓe ta da bargo. Akwai kuma kofin ƙanƙara da na ɗora wa ɗan dutse a sama. In na ga dutsen ya nutse ƙasa, na san kayan sun narke a bayan idona ko da sun sake daskarewa. Kwana biyun farko ban damu ba. Muna da ƙaramin janareta, amma litar fetur ta haura naira dubu, ga gidajen mai da layi, awa biyun da muke iya kunnawa ba ta daskarar da komai. Masu sayar da ƙanƙara su ma nema suke. Asubar rana ta huɗu na ɗaga murfi na ga dutsen ya kai rabin kofi. A ciki akwai sauran naman layya, kaji huɗu, kifi, wake, gasara, ganye, romo, da ledojin kayan miya na ƙarshe. Guminmu na wata da watanni.

Na kira maigida ina kuka, shi kuma ya kira Hajiya. Kafin hantsi sai ga ta a adaidaita sahu da babban kaskonta na suya da tabarmi biyu a naɗe. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "'Yar nan, share hawayenki. Mu da muka yi layya shekara da shekaru babu wuta a garinmu, nama bai taɓa ruɓe mana ba. Fito da komai."

Ta riƙa ɗaukar kowane ƙulli tana taɓawa tana shinshinawa. Wanda yake da sauran ƙanƙara ko sanyi sosai a jikinsa, gefe guda. Kifi da romo da gasarar da suke sama sun riga sun saki sun ɗumama; ta ce a zubar, kada a ba ko almajiri, abin da ba za ka ci ba ba ka sadaka da shi. Na zubar ina jin ciwo. Sauran kuwa muka hau aiki. Maman 'Yan Biyu ta shigo da 'ya'yanta, aka hura murhu uku. Naman layya aka sake tafasa shi, aka soya a hankali a kan wuta marar ƙarfi har ya bushe ƙayau, ya daina kumfa a cikin mai. Hajiya ta ce kumfar nan ruwa ne, kuma ruwa shi ne abokin ruɓa. Kajin aka dafa su luguf, aka daka a turmi, aka soya aka yi dambu. Kayan miyan aka juye a kasko aka soya da mai har man ya taso ya rufe shi, ta ce kullum safe da yamma a ɗumama shi, kada cokali mai ruwa ya shiga. Waken da na surfa aka baza a tabarma a rana, ya bushe, daga baya aka niƙa ya zama garin alale. Ganye da kabewa ba su da wata dabara, sai aka yi taushe a tukunyar suna, aka tuƙa tuwon shinkafa. Ranar gida bakwai a layinmu sun ci daga tukunyar nan, ban da almajirai.

Da magariba muna zaune a tabarma, duk jikinmu hayaƙi, Hajiya tana taunar dambu a hankali. Ta ce, "Naman nan na Babbar Sallah ne?" Na ce eh. Ta ƙirga watanni da yatsu, ta gyaɗa kai ta ce, "Akwatin naki ya yi ƙoƙari." Sai ta ƙara da cewa in sanyi ya shigo in sayi kwando biyu, ɗaya nawa ɗaya nata, za ta nuna mini yadda ake kauɗa mai tsabta wadda ba ta taɓa ƙasa ba.

Haka aka yi. Yanzu ajiyata kashi biyu ce. Rabi yana firiza, rabi yana cikin bokitai masu murfi a sito: kauɗa, busasshen tattasai, kuɓewa, zogalen da aka shanya a inuwa don kada ya dushe, kuka, daddawa, garin ɗanwake. Nama ba na tara fiye da na wata guda a firiza, na layya kuwa rabi soyawa muke yi tun ranar. Muna tara kuɗin sola a hankali, Allah ya nufa. Jinin maigida ya daidaita, yana shan maganinsa, yana zuwa awo, kuma rabonsa da abincin kasuwa har ya manta. Da kularsa yake tafiya Kwari.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi aikin bana. Tun bayan sallar asuba maigida ya kai ni Yankaba, muka dawo da kwando biyu da rabin buhun tattasai. Tukunyar suna tana tafasa a kan gawayi, Hajiya tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana tsaga tumatir gida biyu, yara maza suna hawa da farantai saman bene suna jerawa a kan tabarma, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Babbar 'yata tana rubuta kwanan wata a jikin ledoji. Da azahar ta yi sai ta ajiye biron ta ce, "Umma, ki zauna, yau ni zan tuƙa tuwon." Hajiya ta miƙa mata muciya ta ce ta fara ɗora ruwa, ta kuma dama garin talgen da ruwan sanyi.